Auna Hanyar Ruwa Ba Rashin Tawakkali Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A cikin watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri, ya shiga babbar kasuwa da asibitin koyarwa da fadar Shehun Borno, ya raba dubban bayin Allah da gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun yi imani wannan ƙaddara ce. Amma fa garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994, kuma a cikin shekara talatin ɗin da ke tsakani ya cika ya batse, musamman da 'yan gudun hijira, har gine-gine suka gangara inda a da ruwa ke kwanciya.

To, shin hangen irin wannan haɗari tun bai auku ba rashin tawakkali ne, kamar yadda wasu ke raya wa kansu? A duba ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salamu. Da aka kawo masa mafarkin Sarkin Masar, bai tsaya ga fassara kaɗai ba. Ya ƙidaya shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, sa'an nan ya nemi a danƙa masa taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Wa zai ce ya fi Annabin Allah dogara ga Allah?

Mu yau ba mafarki muke jira ba. Kowace shekara hukumomin yanayi da na ruwa suna bayyana wuraren da ake tsoron ambaliya tun damina ba ta faɗi ba. Abin da ya rage shi ne kowane gari mai bunƙasa ya san kwarinsa da tudunsa, a binciki madatsai da rani, a yashe magudanai, a hana yanka filaye a bakin rafi.

A nan ne maganar ta shafi halal da haram. Dillalin da ya sayar wa baƙo fili alhali ya san hanyar ruwa ce, ya ɓoye aibi a ciniki, kuma shari'a ta hana. Ma'aikacin da ya sa hannu a takardar, shi ma ya ci amana. Wanda kuwa ya toshe lambatu da katangarsa, ruwan da ya kora gidan maƙwabcinsa zai nufa, watakila cikin dare, yara suna barci.