Baiwa: mallaka ce ko amana?

Ranar 10 ga Afrilu 1964, a birnin Los Angeles na Amurka, Glenn Gould ya kaɗa piyano a gaban jama'a karo na ƙarshe. Shekarunsa 31, hannuwansa lafiya lau, manyan zaurukan kiɗa na duniya kuwa suna rububinsa. An haife shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1932. Ya yi suna tun 1955, sa'ad da ya naɗi wani dogon kiɗa na Bach, Bajamushen nan da ya rasu a 1750. A 1957 har Mosko ya je ya yi wasa. Amma duk da haka sai ya juya wa dandali baya, domin a ganinsa taron masu kallo ya fi kama da filin dambe, inda ake zuba ido a ga ranar da gwani zai faɗi. Sauran rayuwarsa a ɗakin naɗar faifai ya yi ta, yana maimaita kiɗa yana gyarawa, har ya rasu a 1982.

Mutane da yawa sun zarge shi da rowa. Tambayar da ke ƙarƙashin zargin kuwa tsohuwa ce: wanda Allah ya hore wa baiwa, yana da ikon yin yadda ya ga dama da ita, ko kuwa jama'a na bin sa bashi?

Kafin mu yanke hukunci, mu dawo gida. A gaɓar tafkin Cadi, Buduma masunta suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya 5, mai siffar kwalekwale, sunansa biram. A farkon wannan ƙarni, tsoho ɗaya ne aka sani ya rage cikin gwanayensa, wato Bukar Tar. A 2002 Malam Mamman Barka, ɗan Tubawan Tesker, malamin makaranta wanda ya riga ya shahara da gurumi, ya sami tallafin UNESCO, ya tafi ya durƙusa gaban tsohon. Bukar Tar ya koya masa kiɗan da waƙoƙinsa, ya kuma damƙa masa biram ɗin, ko da yake ba ƙabilarsu ɗaya ba. Barka ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2018.

Bambancin mutanen nan biyu yana ga abin da kowannensu ya ɗauko. Kiɗan Bach a rubuce yake, a takarda. Dubban hannuwa sun san shi, makarantu suna koyar da shi. Da Gould ya bar dandali, ƴan kallo sun rasa ganinsa, amma kiɗan bai rasa komai ba. Hasali ma faya-fayensa sun kai inda ƙafarsa ba za ta taɓa kaiwa ba, tun da akwai naɗinsa a cikin faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Kiɗan biram kuwa ba shi da takarda sai yatsun Bukar Tar. Da ya yi shiru, da an binne su tare.

Mu mutanen Fachi ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Ayar zuwa nan, ya wuce Bilma, rayukansa suna hannun madugu. In masana hanya goma ne a gari, ɗaya ya ce ya gaji zai zauna gindin dabinonsa, babu mai ganin laifinsa. In kuwa shi kaɗai ya san rijiyoyi da taurari, ya ƙi fita kuma ya ƙi koya wa yaro, to ya ci amanar waɗanda ba a ma haifa ba. Nauyin amana yana ƙaruwa gwargwadon ƙarancin masu ɗaukarta.

Saboda haka ba na ganin Gould ya yi rowa. Jama'a ba su da haƙƙin mallakar jikin gwani, su ce sai ya tsaya gabansu kowane dare har ƙarfinsa ya ƙare. Haƙƙinsu shi ne kada abin da ya gada ya mutu a hannunsa, wannan kuwa ya sauke shi ta hanyar da ta dace da halinsa.

Abin da ya kamata ya hana mu barci yana kusa da mu. Akwai tsofaffi a garuruwanmu masu waƙoƙin aikin gishiri, da tarihin zuri'a, da sanin rijiyoyin hamada, waɗanda babu wanda ya rubuta. Yawancinsu ba su ƙi koyarwa ba. Mai zuwa ya durƙusa ne babu. Amana tana da mai bayarwa, tana da mai karɓa, kuma sau da yawa ta wajen mai karɓa take faɗuwa. Barka ya yi tafiya mai nisa domin ya karɓi tasa, alhali namu tsofaffin suna zaune a zauren gidajenmu.