Ƙofar Rumbu a Buɗe: Ɗauka Sata Ce?

Ran wata Lahadi da yamma, bayan mun tashi daga ajin koyarwar baftisma a nan Ganou, wani saurayi ya tsaya ya yi mini tambaya. Wansa yana aiki a Legas, yana aiko wa uwarsu kuɗin abinci ta hanyar kuɗin intanet da ake kira kirifto, shi kuma yaron yakan canza su zuwa sefa a nan Parakou. Ya ce, "Baba katikis, idan na'ura ce ta yi kuskure ta buɗe mini ƙofa, na ɗebi kuɗi, ban fasa gidan kowa ba, ban yi wa kowa ƙarya ba, na yi zunubi?" Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce ya fara bayyana mini irin ƙofar da yake nufi, gama ba a yanke shari'a a kan abin da ba a gane ba.

Ga abin da na fahimta. Kuɗin nan ba a cikin littafi ɗaya suke ba. Akwai littattafan lissafi dabam dabam, kamar Ethereum da Tron da Solana, kowanne da masu tsaronsa, kuma kuɗin da aka rubuta a wannan ba ya iya tashi ya shiga wancan. Saboda haka aka gina abin da suke kira gada. Amma kuɗin ba ya haye gadar da ƙafarsa. Ana kulle shi ne a wani rumbu a wannan gefe, sa'an nan a ba mai shi wata shaida a ɗaya gefen, wadda take da daraja daidai da abin da aka kulle. Ran da ya so komowa, sai ya mayar da shaidar, a buɗe masa rumbu.

Da na ji haka sai na tuna da kakanninmu. Parakou da Djougou zango ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano. Baƙo yakan sauka wurin maigida, ya bar masa kaya ko wuri, ya ci gaba da tafiya da alkawari kaɗai a hannunsa. Abin da ke ɗakin maigida ba nasa ba ne, amana ce. Gadar nan ma haka take: rumbu ne cike da amanar dubban mutane. In aka kwashe rumbun, shaidar da ke hannunsu ta zama takardar banza.

Tambayar yaron kuwa ba tatsuniya ba ce. A farkon watan Agusta na 2022, masu kula da wata gada mai suna Nomad sun riga sun yi gyara a na'urarsu, gyaran kuma ya bar kuskure, har ta riƙa amincewa da kowane saƙon neman kuɗi ba tare da tabbatarwa ba. Mutum na farko ya gane, ya ɗiba. Da yake littattafan nan a fili suke, kowa yana iya ganin abin da aka rubuta, sai waɗansu suka kwafi saƙonsa, suka cire adireshinsa suka sa nasu. Ba a bukaci wani ilimi mai zurfi ba. Cikin 'yan sa'o'i aka kwashe wajen dala miliyan 190. Masu gadar suka yi roƙo, har suka ce wanda ya mayar da kashi 90 cikin 100 ya riƙe sauran, ba za a kai shi ƙara ba. Waɗansu sun mayar, amma yawancin kuɗin bai dawo ba.

Masu kāre wannan ɗiba suna da hujja uku, kuma ya kamata mu saurare su. Ta fari, sun ce abin da na'ura ta yarda da shi, shi ne dokar wurin. Ta biyu, sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, don haka laifin na magina ne. Ta uku, sun ce in ban ɗauka ba, wani zai ɗauka.

Hujja ta biyu tana da gaskiya a cikinta. Wanda ya karɓi ajiyar mutane, ya yi sakaci da kulle ƙofa, zai ba da lissafi a gaban Allah. Littafin Fitowa sura 22 ya yi magana a kan mai riƙon ajiya da abin da ke wuyansa in ta ɓace. Amma laifin mai gadi ba ya wanke ɓarawo. Mutum biyu suna iya yin laifi a kan kaya ɗaya, kowa da nasa.

Sauran hujjojin biyu kuwa na san su tun kafin a yi intanet. Shekarun baya wata babbar mota ɗauke da buhunan masara ta kife a hanyar Djougou. Kafin direba ya farfaɗo, mutane sun taru, kowa da buhu a ka. Waɗanda ba su taɓa satar ko kaza ba suna cikinsu. Kowa yana cewa, ai kowa ma yana ɗauka. Motar ce ta zubar da kayan, gaskiya ne, amma faɗuwar mota ba ta sāke mai masara ba. Haka kuskuren na'ura yana buɗe ƙofa, amma ba shi da ikon ba ka abin da ba naka ba. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta umarci wanda ya tsinci dabbar ɗan'uwansa ya mayar, in kuwa bai san mai ita ba, ya riƙe ta har a zo nema. Rashin sanin mai abu ba ya mai da tsintuwa ta zama gādo.

A nan ne, a ganina, ainihin jarabar take. Mai ɗaukar buhu yana ganin jinin direba, wataƙila kunya ta kama shi. Mai ɗiba daga gada ba ya ganin fuskar kowa, lambobi kawai yake gani, yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa da dare. Na ce wa saurayin, "Ɗana, a ce kuɗin da wanka ya aiko wa innarku yana cikin wannan rumbu a daren nan. Me za ka kira wanda ya kwashe?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɓarawo."

Akwai kuma hanyar komowa. A watan Agusta na 2021 wani ya kwashe fiye da dala miliyan 600 daga Poly Network, amma cikin makonni kaɗan ya mayar da kusan duka. Ko tsoro ne ya sa shi, ko lamiri, Allah ne masani. Abin da muka sani shi ne, Zakka bai tsaya ga baƙin ciki a zuci ba, ya mayar wa waɗanda ya cuta. Tuba a kan dukiya takan bi ta aljihu.

Ga masu ɗaukar kuɗin waɗansu ta waɗannan gadoji kuma, ina da gargaɗi. Kada ka bi da kuɗin adashi ko baikon ikilisiya ta nan ba da sanin masu shi ba. Ka faɗa musu cewa gada takan karye, kuma in ta karye babu ofishin da za a je a yi kuka a tabbata an biya. Ka fara gwadawa da jaka ɗaya kafin ka aika da jaka ɗari, kada kuma ka bar kuɗin ya kwana a matsayin shaida in kana iya mai da shi hannun mai shi. Wanda ya ɓoye wa mai kuɗi hatsarin hanya, ya riga ya fara cin amana tun kuɗin bai ɓace ba.

'Yan'uwa, Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta ga maƙwabci a bayan kowace lamba, ya kuma tsare hannuwanmu ran da muka tarar da ƙofa a buɗe ba mai kallo. Amin.