Kifi Mai Shekara Ɗari da Amanar Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da ruwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, a ƙasar Rasha akwai wani babban kogi mai suna Bolga, wanda ke zuba a Tekun Kasbiya, wato Bahar Ƙazwin na littattafan Larabci. A cikinsa Allah ya halicci wani kifi da ake kira beluga, daga dangin da Larabawa ke ce wa al-hafsh. A shekarar 1827 masunta sun kama wata mace a bakin wannan kogi, tsawonta ya zarce mita 7, nauyinta kilo 1,571. Kifin nan yana iya rayuwa fiye da shekara ɗari, macen kuma ba ta fara zuba ƙwai sai ta kai wajen shekara 16 zuwa 20. Yana girma ne a teku, in lokacin haihuwa ya yi sai ya hau kogi, ya yi tafiya mai nisa yana neman wuri mai tsakuwa da ruwa mai gudu inda ƙwai zai ƙyanƙyashe.

A shekarar 1958 aka datse Bolga a birnin da yanzu ake kira Bolgogirad domin samar da lantarki. Gidaje sun samu haske, masana'antu sun samu ƙarfi, wannan alheri ne wanda mai hankali ba zai musa ba. To amma bangon ya raba beluga da kusan dukan wuraren da yake haihuwa. Ga kuma kwaɗayin ƙwansa, wanda ake sayarwa da tsada ƙwarai a Turai da sunan kabiya, ya sa ana farke cikin uwa tun ba ta bar baya ba. Hukumomi sun gina gidajen rainon kifi, suna sakin miliyoyin ƴan ƙanana cikin ruwa, duk da haka sai da Rasha ta hana kama beluga don kasuwa a shekarar 2000.

Tambayar da masunta da masana ke yi ita ce: shin kogin da aka datse zai iya sake fitar da ƙaton kifi? Amsar da muke gani tana da ɗaci. Tsofaffin da aka haifa kafin gini suna iya daɗewa a raye, har wanda ya kama ɗaya ya zaci kogin lafiya lau yake, alhali ragowar gado ne yake ci. Ƴan ƙananan da ake saki kuwa, ɗan Adam zai iya yawaita adadinsu a shekara guda, amma ba shi da ikon ba su shekara hamsin a shekara guda. Girman wannan kifi lokaci ne ya taru ya zama nama, lokaci kuwa sai an yi haƙuri ake samunsa. A ƙasar Kanada akwai kogin Fireza, wanda ba a datse babban jikinsa ba, kuma tun 1994 doka ta ce wanda ya kama ɗan'uwan beluga na can ya mayar da shi ruwa. A wannan kogi masunta sukan ci karo da masu tsawon mita 3. A ƙasar Sin kuwa, bayan datse kogin Yangtse a 1981, wani kifi mai dogon baki, makusancin wannan dangi, ya yi ta raguwa har aka tabbatar da ƙarewarsa daga duniya a 2022.

To, mene ne hukuncin hankali da shari'a a nan? A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin ruwa halal ne a ci. Amma halaccin cin kifi guda bai ba mu izinin yanke zuriyarsa ba, kamar yadda mai rijiya yake da damar sha, ba shi da damar cike ta da ƙasa bayan ya ƙoshi. Malamanmu na usulu sun koyar da auna maslaha da mafsada kafin a yanke hukunci. Matsalar ita ce, idan ana awon madatsa, masu amfana suna zaune a majalisa suna magana, waɗanda za su yi hasara kuwa ba su nan: jikokin masunta ba a haife su ba, kifi kuma ba ya da baki. Ma'aunin da aka ɗora wa nauyi a gefe guda kaɗai, ko da mai awon ba ya nufin zalunci, tauye mudu ne.

Saboda haka muna ganin wanda ya ci amfanin datse ruwa bashi ya hau kansa, kuma hanyar biya sananniya ce: a bar wa kifi hanyar wucewa, a saki ruwa a lokacin haihuwarsa, a kame hannu daga iyaye mata ko da farashinsu ya kai nawa. Wanda ya mayar da kifi ruwa a yau ya san ba shi zai ga cikar girmansa ba, kamar tsohon da ke dasa dabino yana sane wani ne zai ci. Wannan ita ce amana.

Mu ma a Nijar, tun da aka aza harsashin madatsar Kandaji a kan kogin Isa a 2008, tambayar ta iso ƙofarmu. Muna buƙatar lantarki da noman rani, haƙƙinmu ne mu neme su. Wajibinmu ne kuma mu tambayi masu aikin me aka tanadar wa kifi da masunta, tun kafin ruwa ya tsaya.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya kare mu daga ɓarna a bayan ƙasa. Allah shi ne mafi sani.