Ƙoƙon Kai a Goshin Barde

Rundunar sojan doki ta 17 ta Birtaniya, wadda daga baya ta koma ta mahaya masu mashi, tana da tambarin da ya fita daban: ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, ƙarƙashinsu kuma kalmomin Turanci biyu masu ma'anar "ko ɗaukaka". Ba a rubuta mutuwa ba, hoton ne ke faɗinta. Kanar John Hale ya kafa rundunar a 1759, bayan ya kai Landan albishir ɗin cin birnin Kwibek, ya kuma zaɓi tambarin don tunawa da Janar James Wolfe, wanda harsashi ya kashe ana dab da nasara.

Tun daga nan kalmar "ko" ta zama abin tambaya, domin Wolfe bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Mutuwar ce ma ta ɗaga sunansa.

A tsohuwar al'adar Kiristocin Turai, ƙoƙon kai wa'azi ne. Ana sassaƙa shi a duwatsun kaburbura don mai wucewa ya tuna cewa sarki da talaka duk ƙasa za su koma. Tambarin baraden ya juya wannan ma'ana, abin da aka yi don karya girman kai ya zama adon alfahari. Malaman addini sun daɗe ba su sakankance da irin wannan buri ba. Agustin, malamin Kirista na ƙarni na 5, ya yi bayanin cewa Rumawa sun yi jarumta don yabon mutane, yabon kuwa shi ne iyakar ladansu. A Musulunci ma akwai hadisin Abu Musa al-Ash'ari, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ganima da mai yi don suna, bai lissafa ko ɗaya cikin masu yi don Allah ba. Niyya ake aunawa, ba yawan jini ba.

Ranar 25 ga Oktoba 1854, a Balaklaba, lokacin yaƙin Kirimiya, rundunar tana sahun gaba sa'ad da mahaya kusan 670 suka zuba sukuwa cikin wani kwari, igogin Rasha na gaba da gefe. Umarnin babban kwamandansu, Lod Raglan, ne aka fahimta a karkace. Fiye da mutum 100 suka mutu, dawakai kuwa ɗaruruwa, ba a riƙe ko taku ɗaya na ƙasa ba. Duk da haka wannan rana ita ce abin tinƙahon rundunar, musamman bayan waƙar da mawaƙi Tennyson ya yi mata. Biyayyar mahayan ba ta da makusa, amma ɗaukakar da ta biyo baya ta rayayyu ce, su suka raba ta, ta kuma taimaka wajen lulluɓe kuskuren manya.

A 1922 aka haɗe rundunar da ta 21, wadda ta kai farmaki a Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898, Winston Churchill na cikin mahayanta. Ansarun Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, da suka tare su a wani busasshen rafi ba su ɗauki mutuwa kishiyar ɗaukaka ba. Shahada a wurinsu ita ce ɗaukakar. Kusan 10,000 daga cikin mayaƙan Halifa suka kwanta dama a wunin.

An sake haɗe rundunar da wasu a 1993 da 2015. Motoci masu sulke sun daɗe da maye gurbin dawakan, ƙoƙon kan dai yana nan a hula.