Kafin ka sa hannu a takardar

Karatu: Matiyu 4:5-7, Nehemiya 4:7-9

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a ce ɗanka mai shekara 15 ya dawo daga makaranta da takarda. Za a kai 'yan ajinsu Duwatsun Shere, gabas da Jos, su yi kwana uku suna hawan dutse, suna kwana a tanti, suna dafa abincinsu da kansu. Sa hannunka kaɗai ake jira. Yaro yana ta murna, kai kuwa gabanka ya faɗi. Wanne ne ƙauna, ka hana shi ko ka sake shi?

Ba zan raina tsoronka ba. Mun ga abin da ya faru a Chibok a 2014. Mun ga yadda aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna a 2021. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ka tuna, waɗannan yara ba a kan dutse aka same su ba. A makaranta suke, a wurin kwanansu. Katanga tana da amfani, amma ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin rai ba.

Hani ma yana da nasa hatsarin, sai dai ba ya fitowa da wuri. Yaron da bai taɓa ɗaukar jakarsa ya hau tudu har ƙafarsa ta yi ciwo ba, bai taɓa raba gorar ruwa ɗaya da abokinsa ba, bai taɓa jiran na baya da ya gaji ba, wata rana dole zai bar gida. Zai tafi jami'a ko bautar ƙasa, inda ba uwa ba uba. A ranar ne za a biya bashin abin da bai koya ba. Dauda bai fara jarumtaka a gaban Goliyat ba. A jeji ya koye ta, a bakin garken mahaifinsa, kuma Yesse ne ya bar shi ya je.

To, sai mu rufe ido mu sa hannu, mu ce Allah zai kiyaye? A'a. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, ai da alkawarin tsaro ya jarabce shi, Ubangiji kuwa ya ƙi. Wanda ya jefa ɗansa cikin hatsarin da zai iya kauce wa, gwada Allah yake yi, ko da ya kira abin bangaskiya. Nehemiya ya nuna mana hanya. Da magabta suka yi barazana, shi da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana.

Saboda haka, ka je makarantar da ƙafarka ka yi tambaya. Malamai nawa ne za su bi yara nawa? Akwai malama mace tare da 'yan mata, kuma wurin kwanansu dabam yake? Wa ya san hanyar dutsen? An sanar da jami'an tsaro? Wa ya iya taimakon gaggawa, kuma wane asibiti ne mafi kusa? Ka duba lokaci ma. Da damina dutse yana santsi, rafi kuma yakan cika farat ɗaya. Da hunturu sanyin dare a tsaunukan Filato ba wasa ba ne, domin ƙolin Shere ya haura mita 1,800 daga matakin teku. In ɗanka yana da sikila ko asma, kada ka ɓoye don kunya. Sanyi, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon sikila. Ka ji ta bakin likita tukuna.

In amsoshin ba su gamsar da kai ba, ka ce a'a, ka zaunar da yaron ka gaya masa dalili. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, kada kuma wani a ikilisiya ya ɗora maka laifi. Amma in sun gamsar da kai, abin da ya rage kuwa tsoro ne kawai, to ka sani ba yaron kake tsarewa ba, zuciyarka kake lallashi. Bai kamata shi ya biya kuɗin kwanciyar hankalinka ba. Ka sa hannu, ka sa masa rigar sanyi da tocila a jaka, ka ɗora masa hannu ka yi addu'a, ka bar shi ya tafi. Amana ce aka ba ka, ba mallaka ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hikimar yin tambaya, da ƙarfin zuciyar sakin ɗana a hannunka. A cikin sunan Yesu. Amin.