Kakanka Ma Ya Yi Tarihi, Tashi Ka Tattara Shi

Sannunku da aiki, masu fita tun duku-duku. Sannu tela, sannu direba, sannu malamar asibiti da ta kwana a tsaye, sannu mai facin taya da malamin firamare da mai awo a bakin kasuwa. Yau ba maganar albashi ko tsadar masarufi ta kawo ni ba. Tambaya ce ɗaya: wa ya haifi kakanka, kuma da wace sana'a ya ciyar da gidansa? Da yawanmu za mu kawo sunan uba, mu kawo na kaka, daga nan sai sosa ƙeya. Ta wajen uwa kuwa abin ya fi muni, don sau da yawa ko sunan yanka na kakarmu ba mu sani ba, laƙabin da jikoki suka sa mata kawai muka tashi muka ji.

Gidajen sarauta ba su da wannan damuwa. Maroƙa sun riƙe musu, marubuta sun rubuta musu. Jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda yana nan, har wani Bature mai suna Palmer ya mai da shi Turanci a 1908. To amma wa ya shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911? Wa ya haƙi kuza a Jos? Wa ya ɗora buhu bisa buhu har dalar gyaɗa ta tsaya? Wa ya kora jakuna zuwa Gwanja ya dawo da goro, wa ya wuni cikin karofi hannunsa ya rine da baba? Kakanninmu ne, mu 'ya'yan masu sana'a. Sun yi aikin, an manta sunayensu, kuma babu farfesan da zai zo ya tono maka naka kakan idan kai ba ka motsa ba.

Kada ka ce wane ne kai. Baba ta Karo tsohuwa ce a ƙasar Zazzau, ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa game da aure da haihuwa da noma da harin masu kamen bayi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. A kowane gida akwai irin wannan tsohuwa. Abin da aka rasa shi ne mai zama ya saurara, ya kuma adana abin da ya ji.

Na san amsar da ke bakinka: ina lokacin yake? Lokacin yana cikin aljihunka. Direba yana jiran lodi a tasha. Tela yana zaune an ɗauke wuta. Mai gadi yana da dare guda. Wayar da kake kallon barkwanci da ita tana iya kai ka ɗakunan ajiyar da a da sai mai kuɗin jirgi ke shiga. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ceto tsoffin takardu tun 2004, kuma cikin abin da ya ɗauki hotonsa ya sa a intanet kyauta akwai dubban shafuka daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Commonwealth ta sa sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin duniya a shafinta, har da mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama ba su dawo ba. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da makamancinsa a shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa. Archivi.ng yana ɗora tsoffin jaridun Nijeriya. Jami'ar Northwestern a Amurka tana riƙe da littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962. Ga kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta kan garuruwansu, ga tsoffin hotuna da ake ta yaɗawa a Facebook. FamilySearch ma yana tattara salsalar baka a ƙasashen Afirka, kuma bincike a cikinsa kyauta ne, sai dai ka sani na wata majami'a ne da ke Utah, don haka ka karanta sharuɗɗansu da kyau kafin ka zuba musu sunayen mamatanka.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai yi dace cikin dare ya ga sunan ƙauyensu a wani tsohon rahoton haraji, ransa ya yi fari, ya ɗauki hoton fuskar waya, ya jefa a zauren WhatsApp na dangi. A yi ta Allah ya jiƙan maza. Bayan wata uku saƙonnin ɗaurin aure da na barka da Juma'a sun binne shi. Bayan shekara wayar ta faɗa ruwa, ko an ƙwace ta a lungu. Ko hoton ya tsira, babu wanda ya san daga wane shafi aka samo shi, balle a koma a karanta abin da ke gaba. Wannan shi ne manomin da ya sha wahalar damina, ya yi girbi, ya bar dammuna a gona don bai gina rumbu ba.

Maganin ba ya da tsada. Kowace burauza, Chrome ce ko Firefox, tana da wurin ajiye adireshin shafi, kuma idan ka shiga da asusunka, abin da ka ajiye zai bi ka zuwa sabuwar waya. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma da babu gara ba daɗi. Amma aikin dangi ya fi ƙarfin wayar mutum ɗaya, shi ya sa nake ba da shawarar manhajar da aka yi ta don haka. A ganina Raindrop.io ta fi dacewa da mai aiki da waya: kyauta ce ga abin da muke buƙata, kana buɗe jaka ga kowane gida, ka sa wa kowane shafi laƙabi, ka rubuta bayani a ƙarƙashinsa, ka gayyato 'yan'uwa su riƙa zubawa tare da kai. Diigo tana ba ka damar ja wa jimla layi a kan shafin, wanda zai zo bayanka ya ga daidai wurin da sunan yake. Wanda ke da kwamfuta a ofis ko a makaranta ya duba Zotero, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar George Mason a 2006. Ita tana ɗaukar kwafin shafin gaba ɗaya, ta riƙe sunan marubuci da kwanan wata, kuma ana buɗe ɗakin ajiya na haɗin gwiwa a cikinta. Idan duk waɗannan sun yi maka nauyi, buɗe takarda ɗaya a Google Docs, ka jera adireshin a ciki, ka ba dangi izinin shiga. Ba sunan manhaja ke aikin ba, ɗabi'ar ajiyewa ce.

Bari in daɗe a kan bayanin da ake rubutawa, don nan ne ake bambanta mai bincike da mai tara tarkace. Duk shafin da ka ajiye, kada ka wuce sai ka rubuta layi biyu: wane ne abin ya shafa, a shafi na nawa sunan yake, yaushe ka gani. Sannan ka faɗi matsayinsa tsakaninka da Allah. Tabbas ne, ko zato ne, ko ji ka yi? Mu da muka tashi muna jin malamai suna cewa wane ya karɓo daga wane, bai kamata wani ya koya mana darajar isnadi ba. Idan Goggo ce ta faɗa, rubuta cewa Goggo ce, kuma ita daga mahaifiyarta ta ji. Laƙabin da za ka riƙa sawa ya zama iri uku ko huɗu da kowa zai gane: sunan gida, sunan gari, sana'a, zamani. Zamanin ma ba sai ka san shekara ba. Tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi, kai ne za ka mai da shi lamba. Wanda aka haifa shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903 ke nan. Yunwar Kakalaba tsakanin 1913 da 1914 aka yi ta. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne. Komawar motoci hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973.

Ka kuma rubuta yadda aka rubuta sunan a takardar, ko da kuskure ne. Akawun Turawa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, soja kuma sau da yawa sunan garinsu aka liƙa masa a madadin na uba. A takardun Faransa Usman ya zama Ousmane, Tasawa ta zama Tessaoua, Damagaram kuma sai ka nemi Zinder. Idan ka ajiye waɗannan, ƙaninka da zai ci gaba da neman ba zai sake shan wahalar da ka sha ba.

Sai gargaɗi, kuma ka riƙe shi da kyau. Adireshi ba ya tabbata, kamfani ma ba ya tabbata. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Delicious, manhajar ajiye adireshin shafuka da aka buɗe a 2003, Yahoo ya saye ta a 2005, ta yi ta sauya hannu har ta durƙushe. Google ya rufe Google Bookmarks a 2021. Mozilla ta rufe manhajar ajiya ta Pocket a Yulin 2025, ta ba mutane 'yan watanni su kwashe kayansu. Shi kansa ɗakin karatun Birtaniya, da 'yan kutse suka far masa a Oktoban 2023, an daɗe ba a iya buɗe tarin takardunsa ba. Saboda haka duk shafin da ya yi maka muhimmanci, ka kai adireshinsa Wayback Machine na Internet Archive ka sa ya ɗauki kwafi, kyauta ne kuma minti ɗaya ya isa. Takardar da ake iya saukewa ka sauke ta. Duk ƙarshen wata, ranar da albashi ya shigo ko ranar da ka zuba adashi, ka fitar da jerin ajiyarka daga manhajar ka aika wa kanka ta imel. Mafi muhimmancin cikinsu kuma ka biya a buga maka a takarda, ka sa a leda, ka ajiye inda gara ba za ta kai ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma danginmu ba a gari ɗaya suke ba. Fatauci ya kai wasu Salaga da zangon Kumasi. Bayan yaƙin Burmi na 1903 wasu sun bi hanyar gabas suka zauna a Mai Wurno a bakin Nilu. Wasu sun tafi hajji a ƙasa, suka yada zango a Chadi, ba su ƙarasa ba kuma ba su dawo ba. Jikokinsu suna nan da waya a hannu kamar kai, kowa da guntun labari. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya raba iyalai da gidajensu, ta'addanci ya tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma duk gidan da aka bari a guje an bar adaka da wasiƙu da hotuna a ciki. Jaka ɗaya da kowa ke zubawa ita za ta haɗa gutsattsarin nan. Ku raba aiki gwargwadon abin da Allah ya hore wa kowa. Wanda ya yi allo ya karanta ajami, wadda ke Maraɗi ta karanta Faransanci, ɗan jami'a ya leƙa Arewa House a Kaduna, amarya da ke zaune da Inna ta naɗi muryarta a waya a ɗora a Google Drive, a sa adireshin cikin jakar. Mabuɗin kuma, wato kalmar sirri, kada ya zauna hannun mutum ɗaya. Rai na Allah ne.

Akwai abin da ba na so in ɓoye. Mai tono asali ba ya zaɓar abin da zai tarar. Wani ya fita neman sharifta ya dawo da labarin kakan da aka sayo a kasuwa, ko wanda ya sayar da wasu. Wani zai gano auren da aka ɓoye, ko gonar da aka cinye wa marayu. Kada ka shafe, kada kuma ka ƙirƙiri abin da babu don a ce kun fito daga gidan sarauta. Kakan da ya yi dako ya ciyar da 'ya'yansa da halal ba abin kunya ba ne, da guminsa ka tsaya da ƙafarka. Amma ba kowace magana ake bazawa a titi ba. Jakar dangi ku rufe ta, sai wanda aka gayyata. Lambar waya da takardun haihuwa da hotunan mutanen da ke raye ba sa shiga wurin da kowa ke gani, kuma abin da zai tayar da rigimar gado a bar wa manya su san yadda za su yi da shi.

To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, shafukan intanet za su iya jiran ka wata guda, tsofaffi ne ba su da tabbas. Ranar Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, ka riƙe goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa ka je wurin wanda ya fi kowa shekaru a danginku. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi izini, ka kunna na'urar naɗar murya, ka tambaye shi sunan kakansa da garin da suka taso. Kafin ka kwanta ka buɗe jaka da sunan gidanku, ka sa wannan murya a ciki, ka gayyato mutum biyu, ɗaya daga ɗakin uba, ɗaya daga ɗakin uwa.