Ma'aunin Abin da Ba Ya Ƙirguwa

 Wannan bayani ne a kan wata mas'ala ta lissafi da ta daɗe tana ɗaure wa masu hankali kai: shin abu biyu marasa iyaka, ɗaya na iya fin ɗaya yawa?

Magabata ba su tsallake ta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo ta a Tahafutul Falasifa yayin da yake raddi ga masu cewa duniya ba ta da farko. Ya lura cewa rana na kammala zagayenta a shekara guda, Zuhal kuwa sai shekara 30, don haka da zagayen ba su da mafari, da marar iyaka ya zama kashi ɗaya cikin 30 na wani marar iyakan, abin da ya ɗauka korarre ne a hankalce. Kafinsa Sabit bin Ƙurra, masanin lissafi na Bagadaza da ya rasu a 901, ya tafi a kan cewa wani marar iyaka na iya fin wani. Galileo ma ya tsaya a bakin wannan ƙofa a 1638, ya ga kowace lamba tana da murabba'inta, sai ya ce kalmomin fi da daidai ba su hau kan marar iyaka ba.

Ka sani, ya kai mai karatu, wanda ya buɗe ƙofar shi ne Georg Cantor, malamin jami'ar Halle a Jamus, kuma da ma'auni mai sauƙi ya buɗe ta. Maigidan da bai iya ƙirge ba yana iya sanin ko ƙorensa sun ishi baƙinsa: ya miƙa wa kowane baƙo ƙwarya guda, in ba baƙon da ya rasa kuma ba ƙwaryar da ta saura, to adadinsu ɗaya. Da wannan haɗi na ɗaya da ɗaya ake auna tarin lambobi.

Ɗauki layi miƙaƙƙe wanda kowane ɗigo a kansa lamba ce. Ɗigogin da ke tsakanin 0 da 1 da waɗanda ke tsakanin 0 da 2, wanne ya fi? Ido zai ce na biyu. Amma ninka kowace lamba ta farkon sau biyu, sai ta faɗa kan abokiyarta a na biyun, ba ragi ba saura. Tsawo daban, adadi ɗaya. A 1877 Cantor ya gano cewa ɗigogin fili mai tsawo da faɗi ma ba su fi na guntun layi yawa ba, har ya rubuta wa abokinsa Dedekind yana mamakin abin da hannunsa ya tabbatar.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce duk marasa iyaka tsara ne. Ba haka ba ne. Lambobin kashi, irin su rabi da sulusi da bakwai bisa tara, duk da cunkosonsu ana iya jera su sahu guda a ce ga ta farko, ga ta biyu. Lambobin layi gaba ɗaya kuwa ba sa jeruwa, kuma Cantor ya tabbatar da haka a 1874, ya sake kawo hujja mafi kaifi a 1891. Ga yadda take. Wani ya ce ya jera duk lambobin da ke tsakanin 0 da 1. Sai ka gina sabuwa: dubi alƙalami na farko bayan ɗigo a lambarsa ta farko, in 5 ne ka rubuta 6, in ba 5 ba ne ka rubuta 5, ka yi haka da alƙalami na biyu a lamba ta biyu, na uku a ta uku, har abin da ya yi sama. Lambar da ka gina ta saɓa wa kowace lamba a jerin aƙalla a gurbi guda, don haka ba ta ciki. Kowane jeri aka kawo, haka zai faɗi. A ganina wannan hujja na daga cikin mafi kyawun abin da Allah Ya hore wa hankalin ɗan Adam, domin yaron sakandare na iya bin ta, kuma babu wanda ya iya rusa ta.

Wannan ma'auni ya nuna cewa a marar iyaka ɓangare na iya daidaita da dukkansa ba tare da karo ba, wato zagayen Zuhal da na rana za su haɗu ɗaya da ɗaya. Fararwar duniya tabbatacciya ce a wurinmu ta hanyar wahayi, ba ta rataya a kan hujja guda ba. Cantor kansa mai imani da Ubangiji ne a addininsa, ya rarrabe tsakanin waɗannan darajoji na adadi da cikakken rashin iyaka wanda ya jingina wa Mahalicci kaɗai.

Saura tambaya guda da ya bari. Cikin tarin da ake cirowa daga lambobin layi, akwai wanda ya fi lambobin ƙirge yawa amma bai kai layin ba? Cantor ya zaci babu, ya kasa tabbatarwa har ya rasu a 1918. David Hilbert ya sa ta farko cikin matsalolin da ya gabatar a Paris a 1900. Kurt Gödel ya nuna a 1938 cewa ginshiƙan da masana lissafi suka dogara da su ba za su ƙaryata zaton ba, Paul Cohen kuma ya nuna a 1963 cewa ba za su gaskata shi ba. Masana na nan suna neman sabon ginshiƙi da hankali zai natsu da shi, wanda zai yanke hukunci a kanta.